Jif ta wuntsila da kai, gida kuma sun ce ka yafe

Wani ɗan'uwa daga Bronx ta birnin New York ya rubuto cewa makonni biyu da suka wuce, suna dawowa daga suna, taya ta fashe, jif ɗin ɗan baffansa ta wuntsila da su. Ya karye a kafaɗa, aiki ya tsaya. Bizarsa ta daɗe da ƙarewa. Wani mutum ya same shi a gadon asibiti da takarda a hannu, ya ce ya sa hannu zai karɓo masa kuɗi ba tare da hukuma ta sani ba. Daga gida kuma ana ta buga masa waya: "Ba a kai ɗan'uwa ƙara, ƙaddara ce, ka yafe."

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya fi gaggawa shi ne lokaci. A jihar New York kwana 30 gare ka daga ranar haɗari ka sanar da kamfanin inshorar motar da kake ciki, a rubuce. Inshorar nan tana biyan asibiti da wani kaso na albashin da ka rasa, har dala 50,000, ba ruwanta da mai laifi. Rabin kwanakin sun tafi, kada ka ƙara kwana. Neman diyyar raunin kansa yana da wa'adin shekara 3, karaya kuwa tana cikin raunukan da doka ta amince a nemi diyya a kansu.

Rashin takardu ba ya hana ka wannan haƙƙi. Tun 2006 babbar kotun jihar ta yanke, a shari'ar Balbuena, cewa rashin izinin zama kaɗai ba ya hana ma'aikacin da ya ji rauni neman albashin da ya rasa.

Mutumin asibitin nan kuwa, ka guje shi. Na ga irinsu. Tsoronka shi ne jarinsu. Wani an sa shi sa hannu a takardar yafe haƙƙinsa na diyya kafin likita ya gano tsagewa a ƙashin bayansa, da aikin tiyata ya taso babu wanda zai biya. Wani an tura shi asibitin bogi, ana rubuta jinyar da ba a yi ba, sunansa ya shiga binciken zamba. Wannan shi ne abin da ke rusa maganar takardun zama. Ka nemi lauya mai lasisi da ƙafarka. Ba a ba lauyoyin nan komai da farko, yawanci kashi ɗaya bisa uku suke ɗauka idan an ci nasara.

Ka kuma roƙi ɗan baffanka kada ya bari a kai motar wurin 'yan gwangwan. Jif doguwa ce, nauyinta na sama, shi ya sa take saurin kifewa. Idan tayar ce mai aibi ko rufin ya lotsa fiye da ƙima, alhaki na iya hawa kan kamfanin da ya ƙera, kamar yadda aka yi da jif ƙirar Ford Explorer da tayoyin kamfanin Firestone a 2000. Motar da tayar su ne shaidarka.

Su baffa ina girmama su, amma a nan ba na bayansu. Kamfanin inshora ne zai biya, iya abin da yarjejeniyarsa ta ɗauka, kuma don irin wannan rana ɗansu yake zuba kuɗi duk wata. Gaskiya ne sunansa zai iya fitowa a takardar ƙara, kuɗin inshorarsa ma na iya ƙaruwa, don haka ka zauna da shi ka yi masa bayani da bakinka. Masu cewa ka yafe, ƙarshen wata kai za su kira neman kuɗin makaranta da na buhun masara. Ka tambaye su cikin ladabi, wa zai ɗauki nauyinka da nasu idan kafaɗar nan ta ƙi komawa daidai.