Lambar lasisin Windows ɗaya, kwamfuta uku: zai yiwu?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da kwamfuta uku. Na sayi lambar lasisin Windows guda ɗaya. Zan iya sa ta a dukansu?

Amsa: A'a, Malam. Ka'idar Microsoft ita ce lasisi ɗaya, kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Filash ɗin da ka ɗora Windows a kai kam, sa shi a kwamfuta ko nawa ne ba laifi. Lambar nan mai haruffa 25 ita ce ba a rabawa. In ka sa ta a ta biyu, sau da yawa za ka ga kuskure mai lamba 0xC004C008, ma'ana an riga an yi amfani da ita a wata na'urar.

Kafin ka kashe kuɗi, duba irin lasisin da ke kowace kwamfuta. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, rubuta slmgr /dli, ka karanta layin da ya fito.

In ka ga OEM, lasisin ya zo ne daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kuma a ɗaure yake da madabod, wato babban allon cikin kwamfutar. Tun daga Windows 8 ake binne lambar a cikin BIOS, wato manhajar da ke kan madabod mai tayar da kwamfuta, shi ya sa kwamfutocin gwanjo na HP ko Dell da yawa suke kunna kansu da zarar sun hau intanet. Sharaɗin shi ne ka ɗora nau'in da suka zo da shi: mai lasisin Home ba za ta karɓi Pro ba. Wannan lasisin ba ya ƙaura zuwa wata kwamfutar, amma ƙila biyu cikin naka ukun ba sa ma buƙatar sabo.

In RETAIL ne, wato wanda aka saya daban ba tare da kwamfuta ba, yana ƙaura. Cire shi daga tsohuwar da slmgr /upk, sannan a sabuwar ka rubuta slmgr /ipk tare da lambar.

In kuwa VOLUME_KMSCLIENT ka gani, alhali ba kwamfutar ma'aikata ba ce, to a yi hattara. Lasisin kamfanoni da makarantu ne, kwana 180 yake yi sai an sabunta shi. Manhajojin satar lasisi da wasu masu gyara ke sakawa kan kwaikwayi wannan tsari, kuma sukan sa a kashe rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta kafin su yi aiki. A shagon da mutane ke kawo takardun shaidarsu, wannan ganganci ne.

Tambaya: To in babu kuɗin ƙarin lasisi fa?

Amsa: Sa Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux ne da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne a kwamfuta ko nawa, kuma LibreOffice, manhajar aikin ofis ta kyauta, na buɗe takardun Word. Sai dai fara gwada firintarka da shi daga filash tukuna, domin ba kowace ce ke da direban Linux ba, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta. Tsofaffin kwamfutocin da ba su da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, sun fi cancanta da Linux, tunda Windows 11 ba ta yarda da su, kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.