Tambaya da Amsa: Wane injin walda zan fara saya don gyaran tsohuwar motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nasan maganar waya da kwamfuta ake yi a wannan fili amma dan Allah a taimaka min. Inada wata tsohuwar mota da nake so in rinƙa gyarawa da hannuna a ƙarshen mako don sha'awa kawai, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi da wajen ajiye ƙafa, ga salansa ta tsage. Ban taɓa walda ba ko sau ɗaya. Na shiga intanet naga MIG naga TIG naga na sanda, kaina ya ɗaure. Wanne zan fara saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka bata yi nisa da filin nan ba, don injin walda na yanzu irin inbata, in ka buɗe cikinsa allon lantarki zaka gani da fanka, shi yasa ma zaka iya ɗaukarsa da hannu ɗaya saɓanin tsohon mai tiransifoma da sai mutum biyu sun kama.

MIG mai tukunyar gas zaka saya, kuma ga dalilina. Ƙarfen bodin mota siriri ne sosai, yawanci baya wuce milimita 0.7 zuwa 1, kaga kenan matsalarka ba ƙarfin wuta bace, matsalarka yadda zaka rage wutar ne har ta haɗa ƙarfen ba tare da ta huda shi ba. Injin sanda, wato wanda ake maƙala masa elektirod, yana da araha kuma yana da kyau a ƙofar ƙarfe da ƙarfe mai kauri, amma in ɗan koyo ya ɗora shi a ƙofar mota wallahi ramuka zai ta yi, ya toshe wannan wancan ya buɗe har ransa ya ɓaci ya ajiye aikin. TIG kuwa shine mafi tsafta, ɗinkinsa abin sha'awa, sai dai yana son hannu biyu su yi aiki tare wani lokaci har da ƙafa, yana son ƙarfe a goge tas, ga shi a hankali yake tafiya, kuma kwance a ƙarƙashin mota ba wajen koyonsa bane. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Shi MIG injin ne da kansa yake turo maka waya daga naɗinta ta cikin bindigar, wato abin da kake riƙewa a hannu kana walda, kai dai ka danna ka kula da tafiyar hannunka, gas ɗin kuma yana rufe wajen da ya narke kar iska ta shiga ta lalata shi. Don bodi ka sa waya mai kaurin milimita 0.6, in zaka taɓa abu mai ɗan kauri ka koma 0.8. Gas ɗin da aka fi amfani dashi shine gaurayen iskar agon da iskar kabon (CO2), kashi 75 da 25 ko 80 da 20. Zallar iskar kabon ma tana yi kuma ta fi sauƙi, amma tartsatsinta ya fi yawa kuma ta fi saurin huda siririn ƙarfe.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Zaka ga an rubuta a kwali wai MIG mara gas, kuɗinsa ƙasa, sai mutum yace ai ya huta da tukunya. Wannan wayarsa ce ke ɗauke da hoda a cikinta, hodar ce ke ƙonewa ta kare ɗinkin. Yana da amfaninsa, musamman in a fili kake aiki iska na kaɗawa don iska tana kwashe gas, amma wayar ta fi zafi, tana barin ɓawo da sai ka kankare, ga hayaƙi, a kan ƙofar mota kuwa zai wahalar da kai. Abinda nake so ka nema shine injin da yake yin duka biyun, kuma ka tabbatar ana iya juya wayoyinsa na fositif da negetif, don waya mai hoda da waya zalla ba haɗi ɗaya suke so ba, da yawa suna ɗora laifi a kan inji alhali wannan juyin ne basu yi ba.

In ka ɗauki takardar bayanin inji kar idonka ya tafi kan babbar lambar da aka buga a gaba. Ka nemi ƙaramar lambar, wato iya inda wutarsa take sauka, in tana sauka zuwa amfiya 30 ko ƙasa da haka to ya yi maka. Ta sama kuma 140 zuwa 180 ta ishi duk abinda mai sha'awa zai yi. Sai ka duba wani kaso da suke rubutawa kusa da amfiya, ana lissafinsa ne a kan minti 10, in an ce kashi 20 a amfiya 150 ma'anarsa minti 2 kana walda minti 8 yana hucewa. A aikin bodi wannan ba zai dame ka ba tunda ɗigo ɗigo ake yi, ka ɗiga nan ka tsallaka can ka bar ƙarfe ya huce, in ka ja dogon layi lokaci ɗaya kwanon zai lanƙwashe ya yi tudu da kwari. Ni na fi son injin da maɓallansa ke juyawa a hankali a kan mai matakai huɗu ko shida kawai. Kamfanoni irin Lincoln Electric da Miller da ESAB sunansu sananne ne, amma ko wane iri ka ɗauka ka fara tambaya ko ana samun bakin bindigarsa da sauran ƙananan kayansa, don su ne ke ƙarewa kullum.

Kuma dan Allah kar ka ƙarar da kuɗinka duka a inji. Hular walda mai duhunta kanta, wadda duhunta ke kaiwa lamba 9 zuwa 13, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga, giranda da abin kashe gobara, duk dole ne. Hasken walda yana ƙona ido da fata, kuma ciwon idon sai bayan wasu awanni yake tashi. Ƙarfen da aka lulluɓe da zink hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, ka goge shi tukun kuma kayi aiki inda iska ke shiga. Kar ka taɓa wanke wajen walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, hasken walda da zafinta suna maida shi guba mai kisa. Tankin mai kuwa ko babu komai a ciki kar ka kusance shi da wuta. Ka samo guntayen tsohon bodi ka koya a kansu kafin ka taɓa motar, shasi da wajen da ke riƙe da ƙafafu kuma ka kai wa ƙwararre.

Tambaya: Malam wai gaskiya ne walda tana ƙona kwamfutar mota?

Amsa: Tana iya yi malam. Ka cire kan batir na negetif kafin ka fara, sannan ka maƙala makamar at, wato mariƙin ɗaya wayar injin da ake matsewa a jikin aikin, a ƙarfe gogagge kusa da inda kake walda, kar ka sa ta can nesa wuta ta bi ta wayoyi ko ta boris tana neman hanya. In kusa da kwamfutar zaka yi aikin to ka zare filoginta gaba ɗaya, kuma ka ɗaga kafet ka duba bayan kwanon ko akwai wayoyi ko bututun mai kafin ka danna bindiga.