Amsar Baffa kan suna da biki alhali yayanka na teku

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce jirginsu yayanka, sojan ruwa, zai tashi daga Apapa a Legas makon gobe, ba a faɗa musu ranar dawowa ba, ga matarsa ta shiga watan haihuwa, ga bikin ƙanwarku da aka sa bayan Babbar Sallah. Kana tambaya ko a ɗaga duka biyun sai ya dawo.

Suna dai ba a ɗaga shi. Ranar bakwai ake yanka rago, haka yake a littafin fiƙihu na Risala, kuma abin da ya shahara wurin malamanmu na Malikiyya shi ne in ranar ta wuce, yankan ya wuce. Ka kula da lissafi: in an haihu bayan fitowar alfijir, ba a ƙirga wannan yinin. Tun zamanin da kakanninmu ke fatauci zuwa Gwanja, ana yi wa mutum haihuwa yana can, ɗan'uwansa ya tsaya a raɗa suna, wanzami ya yi aski, labari ya iske shi daga baya. Ba wanda ya ce an raina uban.

Kafin ya tashi, ka zaunar da shi. Ya zaɓi suna biyu, na namiji da na mace, ya bar kuɗin rago da goro da dabino, ya faɗa da bakinsa wanda zai yi huɗuba a madadinsa. Kada ku ce za ku kira shi ranar. In jirgi ya yi nisa da gaɓa waya ba ta shiga, kuma soja ba shi da ikon lokacinsa.

Maganar biki ta fi buƙatar natsuwa. A al'ada baffa ke ba da aure, to amma tunda mahaifinku ya rasu, a shari'a ku 'yan'uwanta maza kuna gabana a walicci, shi kuma yayanka ne babba. Saboda haka ya wakilta ni a gaban shaidu biyu tun yanzu, ya ji adadin sadaki, ya amince. Shi ke nan, ranar ɗaurin aure ba mai ɗaga murya ya ce ba a sanar da babban wa ba. Na sha ganin irin wannan ƙorafi ya raba zumunci shekara da shekaru.

Ranar kuwa a bar ta yadda take. An riga an sanar da dangin ango, an yi odar kayan ɗaki. Ko yayanka da kansa ya ce zai dawo wata kaza, kada ka ɗora rana a kan wannan. A 2013 jirgin sojan ruwan Najeriya NNS Thunder har Ostareliya ya je, sai da ya yi watanni. Wani kuma yana saukowa a mayar da shi Kalaba ko Yenagoa, ko ma Baga a bakin Tafkin Chadi. Abin da zai iya jira shi ne walimar dangi. In ya samu hutu sai a tara mutane, amarya da ango su zo su gaishe shi, ya ɗauki ɗansa.

Abin da ya fi damuna ita ce matar yayanka. Haihuwar fari ce, gidan iyayenta za ta yi wankan jego, amma wannan bai sauke mana nauyi ba. Itacen dafa ruwan wanka, kayan yaji, naman ƙauri, kuɗin asibiti, duk ku kai a kan lokaci, kada surukai su buɗe baki su tambaya. Goggonku ta riƙa leƙa ta har a yi arba'in.

Sannan ka ja kunnen yaran gida, kada wani ya rubuta sunan jirgin ko ranar tashinsa a Facebook ko zauren WhatsApp na dangi. Ka turo min yayanka ranar Juma'a bayan masallaci, zan kira shaidun.