Barista, aiki ya sa min hawan jini, manaja ya ce in rubuta takardar ajiye aiki

Wani bawan Allah daga Agege ne ya turo min wannan saƙon, na sakaya sunansa da na kamfanin:

"Salam Barista, dan Allah shawara nake nema. Shekarata huɗu ina aiki a siton wani kamfani a Apapa, mu ne masu lodi da ƙirga kaya. Ana idar da asuba nake fita saboda gosulo, ƙarfe 7 ina bakin aiki, tashi kuma sai tirelar ƙarshe ta fita, wataran 8 wataran 9 na dare, har Asabar, Lahadi ma in kwantena ta iso sai a kira mu. Yarana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa. Kwana goma da suka wuce jiri ya kwashe ni na faɗi a wurin aiki, a asibiti aka ce hawan jini ne, likita ya ba ni hutun kwana biyar. Da na dawo manaja ya ce za a yanke kwanakin a albashi, kuma in jikina ba zai iya ba in rubuta takardar ajiye aiki su ba ni ɗan abin sallama. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa. Tun kafin mu je ko'ina, waccan takardar da manaja ya ce ka rubuta, kar ka rubuta, ko an rubuto an ce hannu kawai za ka sa, kar ka sa. Ranar da ka rubuta da hannunka cewa ka ajiye aiki, in an je kotu ita za su fara ɗagawa su ce ai shi ya tafi don kansa. Eh, kotun ma'aikata tana sauraron wanda aka matsa wa lamba har ya ajiye aiki, tana iya ɗaukar hakan tamkar kora ce, amma kai ne za ka yi ta faman kawo hujjar an matsa maka, alhali maganar a ofis aka yi ta daga kai sai shi. In so suke su rabu da kai su rubuto da kansu. Wanda ya yi shekara 2 zuwa 5, sashe na 11 na dokar ƙwadago ya ce notis na sati biyu za a ba shi ko kuɗin notis ɗin, sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta ba ka fiye da haka.

Maganar yanke albashi kuwa ba su da hurumi. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara in ya kwanta ciwo, a biya shi albashinsa, matuƙar likita mai rajista ya ba da shaida. Kai biyar ka ci. Shi ya sa takardar likitan nan, in tana aljihun wando a ninke, ciro ta yau ka yi mata hoto uku, ka miƙa musu kwafi, asalin ya zauna a gida. Na sha ganin mutanenmu sun miƙa asali, bayan wata biyu a ce ba a taɓa ganinta ba. Wannan dokar dama don irinku aka yi ta, masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, su manajoji da ƙwararru ba ta shafe su ba, su sai abin da kwantiraginsu ya ce.

Inda ba zan yi maka daɗin baki ba shi ne yawan awannin. Dokarmu tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take, kuma ba ta yanke cewa ga iyakar awannin da mutum zai yi a sati ba, ta bar shi ga yarjejeniyar da kuka yi. Abin da sashe na 13 ya tabbatar shi ne duk abin da ya haura lokacin da aka yi yarjejeniya ƙarin lokaci ne, wanda zai yi awa 6 ko fiye a ba shi hutun da ya kai awa ɗaya, kuma cikin kowane kwana bakwai a ba shi hutun awa 24 a jere. Sashe na 18 kuma hutun shekara, aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Kwana shida fa, ni kaina ina ganin abin kunya ne, Faransa tun 2017 suka wuce nan suna maganar haƙƙin ma'aikaci ya ƙi kula saƙon ofis bayan an tashi. Amma ko shidan ma, a shekara huɗun nan sau nawa ka samu?

Na lissafa, 7 na safe zuwa 8 na dare kwana shida awa 78 kenan, ban sa Lahadi ba, ban sa zaman danfo daga Agege zuwa Apapa ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a sati, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa da kashi 35 cikin 100 in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, so nake in ka koma asibiti ka faɗa wa likita awanninka dalla-dalla ya rubuta a fayil, don nan ne gaɓar da shari'arka za ta tsaya ko ta faɗi.

Dalili kuwa, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da ita. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga naka, kuma ta shafi rauni a wurin aiki, cutar da aiki ya jawo, har da matsin ƙwaƙwalwa, sashe na 8 ma ya ambaci inda aka ɗora wa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa. To amma akwai wa'adi, kwana 14 gare ka ka sanar da kamfani, su kuma kwana 7 su kai rahoto hukumar, neman diyyar kansa cikin shekara ɗaya. Ka ce kwana goma kenan, kaga saura huɗu. Kar ka ce ai a gabansu na faɗi sun sani, rubuta a takarda: sunanka, ranar, lokacin, wurin, abin da likita ya ce, a buga hatimin karɓa a kwafinka. In sun ƙi karɓa tura wa manaja ta WhatsApp ka adana hoton saƙon. Ban ce tabbas za a biya ka ba, hawan jini kamfani zai ce gado ne ko gishiri ne, shi ya sa rubutun likita da rajistar shiga da fita da kuke sa hannu a bakin get suka fi komai daraja, in da hali ɗauki hotonta.

In ka rubuta musu suka yi kunnen uwar shegu, kar ka yi saurin kotu. Fara da ƙungiyarku in kuna da ita, sai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke nan Legas, ko cibiyar sulhu ta gwamnatin jihar Legas wadda ba a biyan kuɗi. In duk abin ya faskara, kotun ma'aikata ta ƙasa tana Ikoyi, ita kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana duba ko an yi wa ma'aikaci adalci, ba abin da ke takarda kaɗai ba. Sai dai shari'a tana cin lokaci, ga haya ga kuɗin makaranta, don haka ni da za su yarda su biya kwana biyar ɗin su rage maka awanni, da na ce ka karɓa.

Ka turo min hoton takardar ɗaukarka aiki da alat ɗin albashi na wata uku, ina so in ga ko kamfanin ne ya ɗauke ka kai tsaye ko ɗan kwangila ne ya kawo ku, don a Apapa an saba wannan, kuma shi zai nuna mana sunan wa za mu sa a saman wasiƙar. Maganin kuma kar ka daina sha don ka ji jirin ya tafi.