Furen Sumatara mai warin mushe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wani ƙaton fure da mutane ke bin layi su kalla suna toshe hanci, wai warin mushe yake yi. Da gaske ne? Kuma zai yi a ƙasarmu in an shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne. Sunansa a wurin masana Amorphophallus titanum, kuma ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai a dazuzzukan yammacin tsibirin Sumatara na ƙasar Indonisiya. Ɗan gidan su gwaza ne, shi ma yana da gunduman tushe a ƙasa, wanda kan wuce kilo 50. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Odoardo Beccari, ya bayyana shi ga duniyar ilimi a 1878, a 1889 kuma tsiron ya fara fure a lambun Kew na Ingila.

Abin da ka gani ba fure ɗaya ba ne. Doguwar sanda ce, takan kai mita 3, ƙananan furanni maza da mata suna ɓoye a gindinta cikin mayafi mai launin jan nama. Warin nan kuwa dabara ce. Da dare sandar kan yi zafi kusan kamar jikin mutum, ta tura warin nesa cikin daji, ƙudaje da ƙwari masu bin mushe su taho. Furannin mata ne ke fara buɗewa, na maza sai washegari, don haka dole ƙwarin su kawo garin fure daga wani tsiron. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu komai ya yanƙwane, bayan an jira shekara 7 zuwa 10 kafin furen farko.

Shuka shi a nan kam ban ba ka shawara ba. Yana son inuwa da laima duk shekara, hunturunmu kaɗai ya isa ya kashe shi, sai dai a ɗakin gilashi da kulawar ƙwararru.

Abin da ke damuna shi ne halin da yake ciki a can dajin Sumatara. A 2018 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar ɓacewa, an ƙiyasta manyansa a daji ba su kai 1,000 ba. Ana sare dajin don katako da gonakin kwakwar manja, tsiron ya yi nisa da ɗan'uwansa har ƙwari su kasa haɗa su, tsuntsaye dangin cilakowa masu yaɗa irinsa su ma suna raguwa.