Ziyarar gidan tarihi a ƙaramin gari: me ɗalibai za su ƙaru da shi?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Ina son fita da ɗalibaina ziyara, amma kuɗin motar zuwa Kano ko Kaduna ya fi ƙarfinmu. An ba ni shawarar Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu. Shin gidan tarihi na ƙaramin gari zai ƙosar da su, kuma wane shiri ya kamata in yi?

Amsa: Malam, wanda ya ba ka shawarar nan bai cuce ka ba. Ni kam, ko da kuɗin Kano na aljihunka, da Argungu zan ce ka fara.

Babban gidan tarihi tattaro kaya yake yi daga nesa, ya jera a bayan gilashi, ya manna takarda. Na ƙaramin gari kuwa kayan suna inda aka yi amfani da su. Gidan Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, kafin a mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma akwai kaburburan sarakuna a wurin. Mashin da yaro zai gani jingine da bango, jikokin waɗanda suka riƙe irinsa suna cikin garin, wataƙila ma ɗaya daga cikinsu ne zai zaga da ku.

Kafin ranar tafiya, ka ba yaran zaren labarin a taƙaice, in ba haka ba tsoffin ƙarafa kawai za su gani. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songai, ya zauna a Surame. Birnin Kebbi, wadda ta zama hedikwatar daular daga baya, ta faɗa hannun masu jihadi a 1805. Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tuta daga Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin da duniya ta san Argungu da shi ma yana da nasaba da wannan, domin ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934 ita ce mafarin bikin a siffarsa ta yanzu.

To ga inda nake ganin ribar take. Ɗalibanka sun taso a mazaunin Sarkin Gwandu, yawancin abin da suka ji game da waɗannan yaƙe-yaƙe daga ɓangare ɗaya ya fito. A Argungu za su ji labarin daga bakin waɗanda aka yaƙa. Takubba, masu, baka da kibau, bindigogin gargajiya, layu da tambura da ke ɗakunan nan, kayan mutanen da suka tsaya kare garinsu ne. Kada ka yi saurin gyara wa mai zagayawa da ku magana a gaban yara don ta saɓa da littafi. Ka bar su su rubuta yadda ya faɗa, in kun koma aji ku aza ta kusa da abin da ke littafin, ku duba inda suka haɗu da inda suka rabu. Darasin tarihi na gaskiya ke nan.

Sai dai ka san raunin irin waɗannan gidaje. Sau da yawa takardar bayani gajeriya ce, ko ta koɗe, ko babu ita sam. Ilimin yana kan mai kula da gidan, shi kuma gwargwadon tambayarka yake buɗe baki. Saboda haka kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya, ya tambaya: na wa ne, wa ya kawo shi nan, yaushe, kuma ta yaya aka san haka? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai nauyi. Wani takobin an san gidan da ya fito da sunan mai shi, wani kuwa "an ce" ne kawai. Duka biyun suna da amfani, amma dole ɗalibi ya iya rarrabe su.

Batun shiri ba shi da yawa. Ka aika takarda daga makaranta ko ka je da kanka tun da wuri, ka tabbatar da rana da kuɗin shiga, don kada ku iske ƙofa a rufe. Ka kauce wa ranar Juma'a da kwanakin biki, lokacin hankalin kowa na bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin. Ka raba yaran gida-gida, goma ko ƙasa da haka, saboda ɗakunan tsohon gini ba su ɗaukar aji guda. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, a wurin kaburbura kuma a yi sallama da ladabi kamar kowace maƙabarta. Taɓa kaya kuwa a hana shi ƙememe: gumin hannu yana cin ƙarfe da fata, kayan da gara da damina suka riga suka jigata ba su buƙatar ƙari.

In lokaci ya rage, ka sauka da su bakin ruwa su ga homa da gora a hannun masunta, su tambayi aikin Sarkin Ruwa. Ka kuma riƙe ɗan ihsani na dattijon da ya ɓata yininsa yana yi muku bayani.