Ko jaruma za ta iya son wanda ya zalunci al'ummarta? Amsa ga ƙanwata

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na ƙi amsawa a gurguje don maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, inda wasu suka zo daga wata duniyar suka mamaye ta su jarumarki, suka mai da mutanenta masu haƙar ma'adinai, sai kuma kwamandan da ke mulkinsu ya nuna yana sonta. Kina so ki ji ko hankali zai ɗauka ita ma zuciyarta ta karkata gare shi.

Zan fara da abin da ya faru da ni. Shekarun baya na rubuta wani labari da nake sakewa shafi-shafi a WhatsApp, na wani sarkin yaƙi da ya ƙone gari ya tafi da wata yarinya. Tun daga tsakiyar labarin masu karatu suka taso ni gaba: "Anti, don Allah ki haɗa su, ai ya shiryu." Na ba shi kyau, na ba shi kwarjini, na sa ya yi jinyarta da ta kwanta zazzaɓi, daga ƙarshe na ɗaura musu aure. Yabo ya yi ta zuwa. Bayan kwana biyu wata baiwar Allah ta turo min saƙon murya. 'Yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyensu, tana zaune a gidan 'yar uwarta a birni, da wayar 'yar uwar ma take karatun. Ba ta zage ni ba. Muryarta a sanyaye ta ce ta bi labarin tun daga farko, amma akwai abin da ya shige mata: a wane shafi ne ya dawo wa yarinyar da ƙaninta da ya kashe? Na koma na duba. Tun shafi na tara ban sake ambaton yaron ba. Na share shi daga labarin don soyayyar ta samu wurin zama, kuma ban ma lura na yi ba.

Tun daga ranar nake kallon irin tambayarki da wani ido daban.

Akwai wani shirin talabijin na Amurka da ya yi fama da wannan matsalar tsawon shekara bakwai, Star Trek: Deep Space Nine, wanda aka haska daga 1993 zuwa 1999. Ni da yayana muka kalle shi a kwamfutarsa lokacin wani dogon yajin aiki. Labarinsa ya yi kama da naki sosai. Mutanen Kardasiya sun mamaye duniyar Bajor kimanin shekara 50, miliyoyi suka mutu ta hanyar yunwa da aikin dole da kisa. Jarumar, Kira Nerys, a sansanin gudun hijira ta tashi, tun tana yarinya ta shiga 'yan gwagwarmaya. Shi kuma Gul Dukat shi ne ya mulki Bajor a ƙarshen mamayar, daga tashar sararin samaniya inda ake sa 'yan Bajor sarrafa ma'adinai. Bayan an samu 'yanci, aiki ya riƙa haɗa su. Mutum ne mai daɗin baki, mai fara'a, ga iya zance, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana sha'awarta ba. Masu kallo da yawa suka so a haɗa su, har marubutan shirin suka yi niyyar yin hakan. Nana Visitor, wadda ta fito a matsayin Kira, ita ta ƙi amincewa.

Abin da suka rubuta a maimakon haka, a wani kashi na 1998, shi nake so ki tsaya a kansa. Kira ta girma da sanin cewa mahaifiyarta Meru ta rasu a sansani tun tana 'yar shekara uku. Sai Dukat da bakinsa ya gaya mata ƙarya ne, uwar tata a wurinsa ta zauna. Kira ta koma baya cikin zamani don ta gani da idonta. Ta tarar da iyayenta da 'ya'yansu ƙanana cikin yunwa, aka zo aka zaɓi mata masu kyau don su ɗebe wa hafsoshi kewa, aka tafi da Meru a gaban mijinta bisa alkawarin za a ƙara wa iyalinta abinci. A tashar aka kai su gaban tebur cike da abincin da ta yi shekaru ba ta gani ba, ta yi murna, sai ta tuna 'ya'yanta, jikinta ya mutu. Tana da tabo a fuska, Dukat ya sa wata 'yar na'ura ya goge shi. Da wani hafsa ya takura mata a wurin walima, Dukat ya zo ya cece ta, ya ba ta haƙuri. Wani babban hafsa da ke zaune kusa da Kira ya riƙa faɗar kalaman Dukat tun kafin su fito daga bakinsa, don ya sha ganin wannan wasan da wasu matan.

Kuma zuciyar Meru ta saki da shi. Wannan ne wurin da ya fi yi min ciwo, kuma shi ne gaskiyar. Tana kare shi, tana cewa ba yadda ake zato yake ba. Kira ta fusata har ta dasa bam a ɗakinsu. Kafin ya tashi sai ta ga uwar tana kallon saƙon mijinta, yana gaya mata yaran sun koma gida sun ƙoshi, yana gode mata, ita kuma tana ta kuka. Kira ta fitar da su kafin bam ɗin ya fashe. Shekara bakwai Meru ta yi da Dukat kafin ta rasu.

To kin ga, zuciya ba ta da ƙashi. Macen da abincin 'ya'yanta ke hannun mutum ɗaya, kuma shi kaɗai ke yi mata magana mai laushi a wurin da kowa ke daka mata tsawa, za ta iya jin wani abu game da shi, har ta kira shi so. A duniyar gaske ma an yi. Bayan an kori sojojin Jamus daga Faransa a 1944, mata kusan 20,000 aka yi wa aski ƙwal, da yawa a bainar jama'a, bisa zargin hulɗa da 'yan mamaya. A Nowe sai a 2018 firaminista Erna Solberg ta nemi gafara a madadin gwamnati kan yadda aka wulaƙanta matan da suka yi mu'amala da sojojin Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu yunwa ce ta kai su, wasu tsoro, wasu kuwa da gaske sun so wani ƙaramin soja da ke nesa da gidansu.

Amma ki lura, Meru da Kira ba ɗaya ba ne. Meru ba ta da ikon cewa a'a. Kira tana da shi, tana da bindiga da muƙami, kuma ta binne mutane da hannunta. In irin Kira ce jarumarki, kuma kwamandan naki shi ne mai sa hannu a takardar kisa, a ganina ba za ta so shi ba sai kin mantar da ita wani mamaci, kamar yadda na mantar da tawa. Kwarjininsa zai iya taɓa ta, ta ji haushin kanta a kan haka, wannan kam ki rubuta shi, ɗan Adam ne. Kuma ba wai Kira ta rufe zuciyarta ga duk ɗan Kardasiya ba ne. Ta riƙe Ziyal, 'yar da Dukat ya haifa da wata 'yar Bajor, kamar ƙanwarta. Ta ɗauki wani dattijonsu, Tekeny Ghemor, tamkar uba, don ya yi adawa da gwamnatinsa har ta kai shi ga gudun hijira. Da ta gano cewa yana saurayi yana cikin sojojin da suka kai hari wani wurin ibada, ta yi fushi ta ƙaurace masa, daga baya ta dawo ta zauna a gefensa har ya cika, ta binne shi kusa da kabarin mahaifinta.

Shi Dukat me yake nema a wurinta? Mutum ne da ke ƙorafin ko mutum-mutumi ɗaya ba a gina masa a Bajor ba, bayan duk "alherin" da yake ganin ya yi musu. So yake 'yar gwagwarmaya ta dube shi ta ce bai yi laifi ba. Da ya tabbata ba zai samu wannan wankin ba, da bakinsa ya ce ya tsani 'yan Bajor, da ma ya kashe su duka. Ki tambayi kanki ko naki kwamandan yarinyar yake so, ko kuwa shaidar da za ta ba shi.

Ga abin da zan roƙe ki kafin ki ci gaba. Ki ajiye shafin soyayyar tukuna, ki rubuta wanda zai neme ta ta ce masa a'a a gaban mutanensa. Ki bi shi zuwa washegari ki gani: ya rage wa unguwarsu rabon ruwa? Ya mayar da yayanta ramin ma'adinai? Ko ya haɗiye, ya kuma buɗe ƙofar kurkukun da ba ta ma roƙe shi ba, alhali ya san manyansa za su tuɓe shi? Sannan ki rubuta sunayen duk waɗanda ta rasa a takarda ki manna a inda kike rubutu, duk shafi uku ki duba ko har yanzu suna cikin labarin. In kin gama shafin ƙin amincewar ki turo min ta akwatin saƙo, zan karanta in sha Allah, mu tattauna.